Hawan Dutsen Annabi Musa da dare: in tahi da tsohona ko in bar shi ƙasa?

"Assalamu alaikum. Ni daga Tawa nake. Watan Janairu in Allah ya yarda zan raka babana Alƙahira ganin likitan ido, kuma ƙanena da ke karatu can ya ce akwai wata ajans da ke kai mutane Dutsen Annabi Musa, a hau da dare tare da ɗan jagora a ga hitowar rana daga bisa. Tsoho tun da ya ji zancen ya hana mu sakat, ya ce ko da rarrafe ne sai ya taka inda Allah ya yi magana da Annabi Musa. Shekarunsa 64, yana shan maganin tansiyo, kuma gwiwa na damunsa lokacin ɗari. Shin da gaske nan ne dutsen? Mi ya sa sai da dare ake hawa? Zai iya? Kuma akwai lada ciki ko yawon buɗe ido ne kawai?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lahiya ya sa a yi maganin idon cikin nasara. Tambayoyinka huɗu ne amma in an tattara su abu guda kake son sani, ka hau da tsoho ko ka lallashe shi ya tsaya ƙasa. Ni na yi zaman Alƙahira lokacin karatu, tun ina ɗalibi nake cikin masu shirya ma ƴan'uwa ɗalibai tahiyar Sina in an yi hutu, daga baya har da baƙi da ke zuwa daga gida, yanzu ina Yamai amma har yau in wani zai je yakan biyo ta wurina mu tattauna. To amsata ita ce kai ka hau abinka in lahiyarka lau, amma tsarin nan da ajans ke saidawa, a ɗebe ku cikin kar, wato babbar motar fasinja, da marece a zube ku gindin dutse tsakar dare cikin Janairu, wannan ba na dattijo mai tansiyo da ciwon gwiwa ba ne. Akwai yadda za a yi ya samu abin da ransa ke so ba tare da an sa shi cikin wannan wahala ba.

Da gaske nan ne?

Dutsen Larabawa na ce mishi Jabal Musa, yana kudancin yankin Sina, tsayinsa mita 2,285. Ba shi ne ma babba ba a wurin, maƙwabcinsa Jabal Katrin ya haura mita 2,600 kuma shi ya fi kowane dutse tsawo a Masar. Bagzan namu na Ayar wanda ya fi tsawo duk Nijar mita 2,022 ne, ka ga Jabal Musa ya ɗara shi ba da yawa ba. Amma kar lambar ta ba ka tsoro don ba daga ƙasa ake farawa ba, gidan ibadar Kirista na Sant Katrin da ke gindinsa shi kansa ya wuce mita 1,500, abin da ƙafa za ta hau wajen mita 700 ne.

Wanga gidan ibada Sarkin Rumawa Jastiniyan ya sa anka gina shi tsakanin 548 da 565, wato kahin haihuwar Manzon Allah (SAW) da ƴan shekaru, kuma tun kahin nan akwai masu ibada da ke zaune cikin kogunan wurin, tun ƙarni na 4. Har yau limaman cocin Girka ne ke ciki. Cikin ganuwar akwai masallaci na zamanin Faɗimiyyawa, farkon ƙarni na 12, hasumiyarsa na kallon hasumiyar ƙararrawar coci. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihin duniya a 2002. A ƙololuwar dutsen kuma akwai ɗan coci da anka sake ginawa a 1934 bisa kufan tsohon gini, ga ɗan ƙaramin masallaci dab da shi.

To amma nan ne Ɗuri Sina da Alƙur'ani ya ambata? Alƙur'ani ya ambaci dutsen, Allah ya rantse da shi cikin suratut Tin, ya ambaci kwari mai tsarki Ɗuwa cikin suratu Ɗaha, cikin A'arafi ga zancen dare talatin da anka cika da goma da kuma lokacin da dutse ya niƙe Annabi Musa ya faɗi sumamme, amma bai zana mana taswira ba. Abin da ya tsaida Jabal Musa a zukatan mutane al'adar masu ibadar Kirista ce ta ƙarni na 4, wato sama da shekara dubu bayan zamanin Annabi Musa. Akwai masu bincike da ke cewa Jabal Sirbal ne, shi ma cikin Sina, akwai masu cewa Jabal al-Lauz ne a arewacin Saudiyya. Jabal Musa shi ne ya fi shahara kuma shi ke da tsohuwar al'ada wadda ba ta yanke ba, iyakar abin da za a iya faɗi kenan da gaskiya. Duk wanda ya nuna maka wani tsagin dutse a bisa ya rantse maka cewa nan Annabi Musa ya laɓe, ka saurare shi da ladabi ka ba shi na shayi, amma ka san labari ne na gado.

Maganar lada

Nan zan ɗan daɗe don ita ce za ta taimake ka wurin tsoho fiye da duk wani zancen tansiyo, dattijo in ka ce mishi ba ka iyawa sai ya ƙara taurin kai, in ka kawo mishi hadisi sai ya saurara.

Hadisin da ke Bukhari da Muslim sananne ne, ba a ɗaura sirdi don tahiyar ibada sai zuwa masallatai uku, na Makka, na Madina da na Ƙudus. Kuma abin mamaki wanga dutse kansa ya shigo cikin zancen tun zamanin sahabbai. Cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda ake karantawa kowane zaure namu, Abu Huraira ya ba da labarin ya tahi Ɗuri, da ya komo ya haɗu da Basra bin Abi Basra al-Gifari, shi kuwa ya ce mishi da na riske ka kahin ka hita da ba ka tahi ba, ya karanto mishi wannan hadisi. Malamai sun yi saɓani kan iyakar hanin, wasu sun tsananta wasu sun ce in tahiyar ta ganin ayoyin Allah ce da ɗaukar darasi babu laifi, kuma fatawar ta malamai ce ba tawa ba, ka kai ma malamin da Baba ya yarda da shi can Tawa. Abin da ni na tsayu kansa a aikace shi ne babu wata salla ta musamman a bisa, babu ɗawafi, babu shafar dutse, babu ɗebo tsakuwa a kawo gida a jiƙa ma mai ciki (na ga masu yi, har da ƴan boko). Wanda ya hau bai ɗara wanda ya tsaya ƙasa da komi ba wurin Allah saboda hawan.

Ga kuma abin da mutane ba su lura da shi. A al'adar mutanen wurin, inda anka fara kiran Annabi Musa, inda ya hango wuta anka ce ya tuɓe takalmansa, ba a ƙololuwa yake ba, a cikin kwarin yake, nan ƙasa inda gidan ibadar yake, har akwai wani itace da suke nunawa cikin ganuwar suna cewa jikinsa ya ga wutar, da rijiyar da suke jinginawa gare shi. To in Baba abin da yake so ya tsaya inda ake cewa an yi maganar, ai mota na kai shi kusa da ƙofa, sauran ɗan taku ne kan hanya mai sauƙi.

Mi ya sa sai da dare

Mutane na zaton akwai wani sirri na addini cikin hawan dare, babu. Dalili na farko rana ce, dutsen ƙundumi ne ja, babu itace babu inuwa, da bazara in hantsi ya yi ba ka son ka kasance tsakiyar hanya. Na biyu kyan gani, lokacin da haske ya fara tasowa ta wajen tekun Aƙaba duwatsun nan da ke baƙi ƙirin sai su fara komawa ja ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganinka, wannan kam gaskiya ne yana da kyau, ba zan rage mishi komi ba. Na uku kuma wanda ajans ba za ta faɗa maka ba, lissafin kuɗi ne. Galibin masu hawa daga Sharm el-Shek da Dahab ake kwaso su, na farko tahiyar wajen awa uku ce na biyu wajen awa biyu. A tashi da dare, a iso ƙarfe ɗaya ko biyu, a hau, a ga rana, a sauko daidai lokacin da gidan ibadar ke buɗewa wajen ƙarfe tara na safe don kahin azahar ya rufe, a zagaya a koma. Ka ga ba a biya otel ba ko na dare guda, kar guda direba guda an gama. Tsarin na amfanin mai mota ne, kuma ga ɗan shekara ashirin da biyar babu damuwa.

Ku kuwa daga Alƙahira za ku taso, abin ya fi haka nisa, kilomita wajen 450 ne, a bi ta ramin Ahmad Hamdi da ya ratsa ƙarƙashin mashigin Suwes, ga shingayen sojoji da ƴan sanda kan hanya, awa shidda zuwa bakwai ba abin mamaki ba ne. Mutum ya yini bai yi barci ba, ya zauna a naɗe cikin kar duk wannan lokaci, a sauke shi cikin sanyi a ce bisimilla hau. Yawancin waɗanda na gani sun kasa ba dutsen ya kada su ba, tun cikin mota sunka gaji.

Hanyar da abin da ke cikinta

Hanya biyu ce. Akwai ta raƙuma, wadda ake jingina gyaranta ga Abbas Basha da ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854, tana lanƙwasa tana hawa a hankali, wajen kilomita 7, ita kowa ke bi da dare, awa biyu da rabi zuwa uku ga mai tahiya madaidaiciya. Akwai kuma ta matakala wadda masu ibada sunka jera da duwatsu, ana ƙirga taki 3,750 har ƙololuwa, miƙe take tsaye cikin tsagin dutse, ba a binta da dare in ana da hankali, wasu na saukowa ta nan da safe don kyan wurin. Duka biyun suna haɗuwa kusa da wani ɗan fili da ake jinginawa ga Annabi Iliyasu, inda akwai wani tsohon itace dogo, daga nan saura taki 750 zuwa bisa kuma waɗannan babu makawa, raƙumi ba ya hawansu, kowa da ƙafarsa.

Kar kalmar matakala ta sa ka zaci irin ta bene ce. Duwatsu ne anka ɗora, wani taki ɗan kaɗan wani sai ka ɗaga gwiwa har kusa da ƙirji, wani ya karkace wani ya goge da takun mutane yana santsi, babu abin riƙewa, duhu, ga layin mutane gaba da baya kowa da torshi yana haska maka ido. Cikin Janairu in an yi ruwa ko ƙanƙara ta zuba sai ruwan ya daskare tsakanin duwatsun. A nan ake sanin wa ya shirya. Kuma hawan ma da sauƙi ga mai ciwon gwiwa, saukowar ce matsala, don duk nauyin jiki kan gwiwa guda yake sauka kowane taki, ga gajiya ga rashin barci, mafi yawan gocewar ƙafa da na gani da safe ne bayan an gama ɗaukar hoto hankali ya kwanta.

Raƙumi kuma, tunda ku mutanen Adar ne na san za ka ce ai wannan namu ne. To sirdinsu ba irin na Buzayenmu ba ne da ake ɗaurawa gaban tozo ka ɗora ƙafa bisa wuya ka zauna daram. Nasu bisa tozon yake, da itace guda tsaye gaba guda baya, kai kana tsakiya ƙafafu a wage, in ana hawa na baya na dukan ƙugunka in ana sauka na gaba na dukan inda ba a faɗi. Hawa da shi ana jurewa, sauka kuwa ban taɓa ba kowa shawara ba. Masu tahiya ƙasa su ma su kula, raƙuman ba su da fitila kuma ba su da ƙara, sai dai ka ji mai jan akala ya yi tsawa bayanka, in ka ji ka raɓe ta gefen dutse, kar ka kauce ta gefen rami.

Zancen iska, tsayin bai kai inda ciwon tsauni ke kama mutane sosai ba, wannan galibi daga mita 2,500 zuwa sama yake farawa. Amma iskar bisa kusan kashi uku cikin huɗu ce ta wadda ake shaƙa bakin teku, kuma mu daga ƙasa-ƙasa muke, Yamai wajen mita 200 Tawa ba ta kai 400 ba, don haka za ka ji numfashi na gajarta zuciya na bugu fiye da yadda ka saba. Ga mai lahiya hutawa kaɗan ta isa. Ga mai hawan jini kuwa an haɗa mishi aiki mai nauyi da sanyi da rashin barci dare guda, ko wanne cikinsu shi kaɗai yana iya tada tansiyo.

Sanyin

Wallahi ɗan'uwa in akwai abin da ke cin mutanenmu a dutsen nan sanyi ne, kuma ta hanyar da ba su zata ba. Duk mita dubu da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi, to in Alƙahira da dare cikin Janairu ana sa rigar sanyi, ka cire wajen digiri goma sha biyar daga nan ka ƙara iska mai kaɗawa wadda babu abin da ya tare ta. Ƙasa da sifiri abu ne na yau da kullum cikin Disamba zuwa Fabrairu, kuma ƙanƙara na zuba wasu shekaru. Ɗarin Tawa na hunturu da ake hura wuta bakin fada ana kuka da shi, can sai a kira shi yanayi mai daɗi.

Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya sauko daga mota ya ji sanyi ya jibga duk kayan da ya zo da su, ya kama hanya da sauri don ya ji ɗumi, kahin rabin awa ya jiƙe da zufa cikin buluzo. Ya iso bisa ƙarfe huɗu da rabi yana murna ya riga kowa, alhali rana cikin Janairu sai wajen shidda da rabi take hitowa. Awa biyu kenan zai zauna bisa dutse mai sanyi cikin jiƙaƙƙar riga. Na ga ƙato majiyi ƙarfi, ɗan ƙwallo, haƙoransa na kaɗawa har bai iya riƙe kofin shayi, sai da anka lulluɓe shi da bargo biyu anka tura shi cikin shago kusa da murhu, ranar da ya zo gani ma bai gan ta ba.

Maganinsa a fara tahiya da kaya marasa nauyi har kana jin ɗan sanyi-sanyi, manyan suna cikin jaka, in an tsaya hutu a sa in an tashi a cire. Ka riƙe busasshiyar riga ta ciki guda ka canza da ka isa. Hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa mai kauri, rawani ma yana aiki ƙwarai don yana tare hanci da baki. Takalmi basket wanda ƙafarka ta saba da shi mai ƙasa mai kamu, ba sabo ba, ba silifa ba. Torshin goshi ya fi na hannu, kar ka dogara da fitilar salula don sanyi na shanye bateri kuma kana bukatar hannunka. Ruwa lita ɗaya da rabi, dabino, ɗan kilishi ko cuku in ka zo da su. Kan hanya akwai ƴan shagunan Badawiyyai na dutse da katako, suna saida shayi da biskit, na ƙarshen suna ba da hayar bargo da katifa, bargon yana warin raƙumi da hayaƙi amma ka karɓa, kuma ka riƙe ƙananan kuɗin Masar don babu mai canji a bisa kuma komi na ƙara tsada da tsayi, abin da ba laifinsu ba ne tunda a bayan raƙumi da jaki ake hawo da shi. Mai wayo ba ya gaggawar isa ƙololuwa, yana zama cikin shagon ƙarshe cikin ɗumi sai saura kamar minti arba'in ya kama matakalar.

Ɗan jagora

Doka ce, ba a hawa sai da shi, kuma akwai wurin binciken ƴan sanda a gindi inda ake duba jaka da takardu. Jagororin ƴan ƙabilar Jabaliyya ne, Musulmi, waɗanda tarihinsu ke cewa kakanninsu Jastiniyan ya kawo don hidimar gidan ibadar, kuma hawan nan shi ne abincinsu. Hanyar raƙuma ba ta ɓata mutum, don haka wasu ke ganin kuɗin banza ne, amma amfaninsa na hitowa ne ranar da wani ya kasa, shi ya san mai raƙumin da zai kira, shi ya san wane shago ke da wuta, shi ke duban fuskar mutum ya ce wanga a tsaida shi. Matsalar ita ce a tahiyar ajans jagora guda ake ba mutum goma sha biyar ko ashirin, samari su yi gaba shi ya bi su, mai rauni ya rage baya shi kaɗai cikin duhu yana jin kunyar cewa a jira shi. In kuna da dattijo ku ɗauki naku jagora ku kaɗai, ku gama ciniki da shi a ƙasa, ku gaya mishi larurar tun farko.

Salla a bisa

Asuba za ta same ku ko kan matakala ko a ƙololuwa. Ka yi alwala tun ƙasa ka yi ƙoƙarin riƙe ta, ruwan gora a bisa yana yanka hannu. Alƙibla kuma a kula, mu nan gida mun saba gabas, sai ka ga ɗan Nijar ya juya inda haske ke tasowa ya kabbara, alhali daga Sina Makka na kudu maso gabas ne, ka duba mihirabin ɗan masallacin ko ka tambayi jagora. Sannan mutane da yawa shauƙi na ɗibarsu daidai lokacin da ƙwallon rana ya ɓullo su tashi nafila raka'a biyu, wannan kuwa lokacin hani ne, a jira ta ɗaga tukuna.

To Baba fa?

Farko likita, kuma likita biyu. Na ido, in aiki za a yi mishi, ya faɗi ko bayan aikin an yarda ya yi wahala da shiga ƙura da iska, don ana hana mutum ɗaukar nauyi da yawan sunkuyo na wani lokaci bayan aikin ido, in haka ne zancen hawa ya mutu sai dai a yi tahiyar kahin aikin. Na tansiyo kuma a gaya mishi gaskiyar abin, hawan mita 700 cikin sanyi ƙasa da sifiri, ba a ce mishi za mu ɗan zagaya ba. Ni ba likita ba ne kuma ban ga Baba ba, akwai ɗan saba'in da ke noma gonarsa da kansa wanda zai bar ka baya, akwai ɗan hamsin da bene hawa biyu ke tsaida shi.

In da ni ne, ga yadda zan tsara. Ku taso Alƙahira da safe, ku isa garin Sant Katrin da rana, ku kama ɗaki, akwai otel-otel da masaukan Badawiyyai kuma gidan ibadar kansa yana da masaukin baƙi, ku tambaya ko ɗakin na da abin ɗumama. Baba ya ci abinci ya sha maganinsa ya kwanta. Kai da ƙanenka ku ɗan runtsa ku hau da dare, ku sauko da safe ku ɗauke shi ku shiga gidan ibadar tare ya ga itacen da rijiyar da masallacin, ya zauna cikin kwarin ya karanta suratu Ɗaha yana kallon dutsen. Ku lura dai ana rufe wurin ranar Juma'a da Lahadi da ranakun bukukuwansu, kar ku yi doguwar tahiya ku tarar da ƙofa a kulle.

In ya ƙi, ya ce shi sai ya hau, kuma likitoci sun yarda, to a hau da rana. Cikin Janairu rana ba ta da zafin da za ta cutar, ita ce ma ke taimako. A tashi da hantsi, raƙumi ya kai shi iyakar inda yake zuwa, a huta, a duba shi, in da sauran ƙarfi a taka 750 ɗin a hankali da sanda kowa na ganin inda yake sa ƙafa, babu cunkoso babu mai tura shi, a sauko kahin la'asar ta yi sanyi don rana na faɗuwa da wuri. Zai rasa hitowar rana, amma shi ai ba ita ta kawo shi ba. Kuma ku yi alkawari tun ƙasa, da shi da jagora, in ya ji nauyi a ƙirji ko jiri ko numfashi ya ƙi komowa bayan hutu, an juya kenan babu gardama, don asibitin garin ƙarami ne kuma manyan suna da nisa. In da za a iya ɗaga tahiyar ma zuwa Maris ko Afrilu, ko Oktoba, da duk wannan lissafin ya yi sauƙi.

Kai ma kar ka raina shi don kana saurayi. Wata guda kahin tahiya ka riƙa taka ƙafa awa guda kullum da jaka a baya, ku da ke da tuddan rairayi bakin gari da duwatsun wajen Keita da Buza ba ku rasa wurin gwaji ba, mu nan Yamai matakalar stad Seyni Kunce muke hawa muna sauka. Ka ja Baba ku riƙa zuwa tare, nan za ka ga gaskiyar gwiwar da idonka, wataƙila ma shi da kansa ya sauke maganar.

Takardu da ajans

Paspor a jikinka koyaushe, ba hoto cikin waya ba, ƙanenka kuma ya riƙe iƙamarsa, wato takardar izinin zama, mai rai, don a shingayen Sina ana duba baƙar fata da kyau kuma ɗalibin da iƙamarsa ta mutu yana iya tsaida mota duka. Rikicin da kake ji a labarai galibinsa arewacin Sina ne, kudu daban take kuma tsaro ya yi yawa, duk da haka a Afrilun 2017 an kai hari wani shingen ƴan sanda kusa da gidan ibadar, shi ya sa ba a wasa da binciken, kar ka ɗauki hoton shinge ko soja. Garin kansa gwamnati na ta manyan gine-gine cikinsa ƴan shekarun nan, don haka masauki da farashi na canzawa, ƙanenka ya kira ya tabbatar ana saura ƴan kwanaki.

Ita kuma ajans kahin ka ba ta ko dala ka tambaye ta ƙarfe nawa ake tashi Alƙahira, akwai kwana a Sant Katrin ko babu, mutum nawa ke bin jagora guda, kuɗin jagora da na shiga yankin suna ciki ko a can za a ce ku kawo, kuma in mutum ya kasa hawa ina zai zauna har gari ya waye. Ka matsa kan ta ƙarshen nan, don da yawa amsarsu ita ce cikin kar, injin a kashe direba ya lulluɓe yana barci, kuma cikin Janairu wannan ba wurin da za ka bar Baba ba ne.